Waƙar Joyce a Siton Shinkafa

Tas! Ƙarar ta fito daga bayan motar, kamar an karya icce. Matiyu ya buɗe but da sauri, zafi ya bugi fuskarsa. Jitarsa ce. Tun safe ya manta da ita a ciki, ranar watan Afrilu ta narkar da gam, katakon da ke riƙe da tsirkiyoyi ya ɓalle, ya tafi da rabin fuskar jitar.

Matarsa Vivian ta leƙo daga ƙofar gidansu na unguwar Badariya. "Baban Isaac, me ka kashe?"

"Ni aka kashe," in ji shi.

Ranar Alhamis ce. Jibi za a ɗaura auren ƙanwarsa Joyce a Pankshin, shi kuwa ma'aikacin jinya ne, bai sami hutu ba. Abin da ya yi mata alkawari ɗaya ne: waƙar da ya tsara mata, da muryarsa da kiɗansa, za a sa ta lokacin da amarya za ta shigo. Ta ce in babu waƙar, ba ta taka ƙafa.

Ya kira abokinsa Ja'afar, manomin shinkafa a Zauro, wanda suka saba tun da Matiyu ya yi jinyar mahaifiyar Ja'afar.

"Mi ya hwaru, likita?" Ja'afar ya ji labari ya yi dariya har da tari. "Kai da ka san zahin Kabi, ka gasa ta kamar kihi! Taho mu tahi Argungu. Akwai wani Hammadu mai gyaran rediyo, ba abin da babu shagonai."

Kafin azahar sun isa. Shagon Hammadu cike yake da matattun talabijin da lasifikoki. Ya jawo wata jita ja mai sheƙi, ta lantarki.

"Wagga ita ta dace da babban mutum."

Matiyu ya miƙa hannu. Shekara goma yana mafarkin irinta. Ya rungume ta, ya kaɗa, sai wani ɗan sauti kamar kukan sauro.

"Sai an haɗa ta da amfilifaya, na'urar ƙara sauti," in ji Hammadu.

"Amfilifayar kuma sai da wuta," Ja'afar ya ce. "Likita, yaushe rabon ku da wuta Badariya?"

Matiyu ya ajiye ta a hankali, bai sake kallon ta ba. Abin da ke aljihunsa, in ya ɗauke ta, ba zai rage ko na makirufo ba. Can bayan wata firji ya hango wata ta katako, fentinta ya koɗe, an liƙa mata hoton ɗan ƙwallo a ciki. Ya ɗaga ta saitin ido, ya bi wuyanta da kallo. A miƙe yake. Ya danna tsirkiya gaɓa bayan gaɓa har ƙasa, babu inda sautin ya ɓaci. Ya tura farce ƙarƙashin katakon tsirkiyoyin, bai shiga ba.

"Wannan nake so. Da ƙaramin makirufo mai shiga waya, da sabbin tsirkiyoyi."

"Wagga mummunar?" Hammadu ya yatsine fuska.

"Ba hoto zan aika ba, malam. Murya ce."

A hanyar dawowa Matiyu ya shiga tunanin inda zai ɗauki waƙar. Ya san gidansa: rufin kwano, injin markaɗen maƙwabciya, janareton mai shagon aski. Duk abin da ya taɓa ɗauka a ɗakin nan yana fita kamar daga cikin rijiya. Ya faɗa wa Ja'afar.

"Tsaya Zauro," Ja'afar ya ce. "Akwai inda ko ka yi ihu ba ya dawo maka."

Siton mahaifin Ja'afar ne, ginin ƙasa, buhunan shanshera, shinkafar da ba a casa ba, jere har rufi ta kowane gefe. Matiyu ya shiga tsakiya ya tafa hannu. Sautin ya mutu nan take, buhunan sun shanye shi. Ya sake tafawa, ya fara dariya.

"Ja'afar, mutane na biyan kuɗi a gina musu irin wannan ɗaki!"

"Mu shinkahwa muka ajewa ciki."

Suka ɗaure makirufon a jikin ƙotar fartanya, suka cusa ta tsakanin buhu biyu. Ɗauka ta farko, zakara ya yi cara a bakin ƙofa. Ta biyu, sabuwar tsirkiya ta saki, sai da ya sake ɗaure ta. Ta uku gumi ya sa yatsansa ya zame. Ƙaiƙayin shanshera ya cika masa wuya, rigarsa ta jiƙe sharkaf, batirin waya ya koma ja.

"Mu bari sai gobe," in ji Ja'afar.

"Gobe ina bakin aiki tun safe. Yau ne ko babu. Rufe ƙofar."

Ta huɗu ta zauna. Baiti na farko ya fita tas, jitar tana amsa masa da murya mai kauri da bai zata ba. Ya shiga na biyu, inda ya ambaci yadda yake goya Joyce zuwa makaranta in rafi ya cika. Ja'afar ya daina fifita da hularsa. Saura amshi ɗaya.

Sai ƙasa ta fara rawa. Hon na babbar mota ya tsaga sito, aka banko ƙofar. Wani dogon mutum da baƙin tabarau ya tsaya a bakinta, 'yan dako shida a bayansa.

"Wane ne Ja'afar? Ni ne Abdussamadu. Na saye shinkafar nan hannun babanka, duka. Kafin magariba nake son motata ta kama hanya." Ya juya ga mutanensa. "Ku fara da buhun da mai kiɗan nan ke zaune a kai."

Matiyu ya dubi wayar, ya dubi mutumin. Bai tashi ba. Ya gyara zaman jitar a cinyarsa, ya ɗora yatsu kan tsirkiyoyin don amshin ƙarshe.