Hotunan Gonar Baba Kalla

Ina cikin ƙara wa wani hoto mai duhu haske sai na ga ƙafafun mutum sun fito daga gindin gero. Na ƙara kaɗan. Takalman roba ne, ɗaya ya fice. Na san su, kullum suna ƙofar gidan da ke jikin namu. Na Baba Kalla ne.

Ƙungiyar manoman garinmu Deule ce ta ba ni aikin. Mun kafa kamera bisa gungume a gefen gonarsa, tana ɗaukar hoto ɗaya duk minti goma, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, tun ranar shuka. In aka jera hotunan, sai a ga gero ya tsiro ya girma cikin minti biyu. Gonarsa aka zaɓa don shekara ashirin tana fako, shi ya yi ta haƙa ramuka yana jera duwatsu har ƙasar ta yarda ta riƙe ruwa.

Kuskurena shi ne na bar kamerar tana zaɓar haske da kanta. Girgije ya gitta, hoto ya yi duhu. Ya wuce, na gaba ya yi fari fat. Da na haɗa su a ordinatar, wato kwamfuta, fim ɗin sai ƙyafƙyaftawa yake kamar fitila mai raunin batir. Dole na koma bin su ɗaya-ɗaya, ina auna kowanne da wani dutse da ke tsakiyar gonar, in ɗaga mai duhu, in rage mai haske.

Na danna hoto na gaba. Ƙafafun suna nan yadda suke. Na gaba ma haka. Hoto bakwai yana kwance, fiye da awa guda ke nan, hadari ya rufe sama. A na takwas yana zaune, hannunsa a ƙirji. Kwanan watan ya nuna kwana goma sha biyu da suka wuce. Na bar gyaran haske na shiga nema. Na samo wasu ranaku biyu da ya kwanta haka. Ta ƙarshe, hoto goma sha ɗaya.

Da la'asar na iske shi ƙofar gida yana tukar igiyar ɗaurin damma. Na durƙusa muka gaisa, na buɗe ordinatar na aje gabansa. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe abin ga bai barci," ya ce.

"Baba, mi as same ka?"

"Hutawa nikai, Mahfuzu."

"Cikin ruwan sama?"

Ya ci gaba da tuka. Yatsunsa sun kumbura, ban taɓa lura ba.

"Wani abu na matse min ƙirji, sai in ga duhu. In na tashi ya wuce."

"Gobe in goya ka bisa moto mu tai asibitin Buza."

"Su aje ni bisa gado, hatsi na nuna, tsuntsu na ci? Sauran kwana goma a yi girbi. Randa damin hwarko ya shiga rumbu, ka kai ni inda ka so." Ya waiga cikin gida, inda matarsa Inna Jaratu take daka, ya rage murya. "Kak ka hwaɗa ma innarka. Ka ji? Hotunan ga kuma ka mai da su duhunsu."

Na ce to. Har yau ina juya wannan to ɗin a raina.

Kwana huɗu ina jin ƙarar ƙyaurensu da sassafe, in leƙa in gan shi ya nufi hanyar dutse, yana tsayawa inda da ba ya tsayawa. Sau biyu na haɗu da Inna Jaratu wajen famfo, na gaishe ta na wuce da sauri. Aikin kuwa ya ƙi ci gaba. Duk hoton da ya yi duhu, sai in ji tsoron ɗaga shi.

Ranar Alhamis da hantsi na hau moto, wato babur, zuwa sake batir ɗin kamera. Tun daga nesa na ga tsuntsaye sun rufe kan geron, suna ci hankalinsu kwance. Gwangwanayen da ya rataya a igiya don korar su babu mai jan su. Na kashe moton. Na yi sallama sau uku.

Yana kwance a gefensa cikin kunya ta biyu, zangarniya ɗaya a hannunsa, ya murje rabinta don ya ga ko ta ƙosa. Jikinsa bai gama sanyi ba. Na zauna kusa da shi, ina jin kamerar a bayana ta yi ƙaramin ƙas ɗinta. Na tashi na kashe ta kafin na kira mutane.

Bayan sadakar bakwai, maƙwabta muka yi gayya muka girbe gonar. Dami arba'in da uku. A ranar Inna Jaratu ta aiko in zo da na'urar. Na same ta bisa tabarma gindin rumbu, cikin kayan takaba.

"An ce kana da hotunan Malam."

"Inna, akwai abin da na ɓoye miki." Na faɗa mata duka, kaina a ƙasa.

Ta ce, "Ni ka wanke mishi riga, Mahfuzu. Mai hutawa bai zuwa da laka har ƙeya. Na sani tun randa ya hwara. Na yi magana, ya ce in bari sai girbi, ni ma na ce to." Ta gyara zama. "Waɗancan ba ni son su. Gwada min inda yake tsaye."

Na nemo mata wani na watan shuka, yana tsaye da hauya a kafaɗa, yana duban gabas. Ta karɓi ordinatar ta ɗora bisa cinyarta. Iska ta kwaso ƙaiƙayi daga inda ake jera damma, ya sauka a kan gilashin. Ta kama bakin mayafinta tana sharewa a hankali.