Faifan Tagulla na Hasumiyar Bakin Teku

Shekara ashirin Souleymane yana tuƙin tasi a Landover ta ƙasar Amurka, har mutane sun manta cewa maƙerin fari ne, mai zubin tagulla, ɗan Damagaram. Shi ma ya kusa mantawa.

Wata Asabar ya kai wani dattijo, Bartholomew, wata tsohuwar hasumiya a bakin tekun Chesapeake. Dattijon ya ce fitilarta ta fi shekara ɗari tana nuna wa jiragen ruwa hanya. Su 'yan sa-kai ne ke kula da ita, amma faifan tagulla mai haƙora da ke juya gilashin fitilar ya tsage, sun rasa mai zuba irinsa. In wata ya ƙare ba a gyara ba, za a sauke gilashin a kai gidan tarihi, hasumiyar ta zama kango.

Souleymane ya hau matakala yana haki. Da ya shafa faifan sai ya ga sawun zarto ɗaya bayan ɗaya, aikin wani mai haƙuri da ya daɗe a ƙasa. Kunya ta kama shi, da sha'awa. Bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce zai gwada.

A bayan gidan wani abokinsa a Beltsville ya haɗa maƙera. Ya siffanta faifan da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye, ya zuba narkakkiyar tagulla. Zubin farko ya fashe, na biyu ya fito da haƙora kamar na tsohuwa mai cin goro. Na uku ya zauna daram, gilashin ya juya ba ko ƙara.

Ya so ya kashe masa ƙyalli ya saje da tsofaffin ƙarafan, don a wurin maƙeran garinsu gyaran da ido ya gane ba gyara ba ne. Bartholomew ya hana. Ya ce ƙa'idarsu sabon abu sai an yi masa shaida, kada na baya su ruɗe.

Ran Souleymane ya sosu. “Wato a san jabu ne?”

“A san wanda ya yi,” in ji dattijon, ya miƙo masa guduma.

Ya daɗe riƙe da ita. Sannan ya buga shekarar, a gefenta ya buga tambarin ƙirar mahaifinsa, mutumin da ya rasu bai taɓa ganin teku ba.