Baba Gambo Ba Shi da Takarda

Al'amarin ya fara ne ranar Talata ta biyu a watan Fabrairu, da hantsi, lokacin da gaɓar kogi ta zabtare a ƙasan garin Tounouga, ta tafi da injin ban ruwan ƙungiyar mata. Mata talatin da huɗu ne suka dogara da injin nan, kuma sati biyu kacal ke nan da suka dasa shinkafa.

Kaltuma, shugabar ƙungiyar, ta yi salati, amma ba ta firgita ba. Duk abin da ya faɗa kogi a yankin, daga tukunya har babur, Baba Gambo ake kira. Basarke ne, shekara arba'in yana nutso da igiya a ƙugu, idonsa rufe, hannu ke yi masa gani. Da ya zo, bai ko dubi inda gaɓar ta karye ba. Ya jefa karan dawa a ruwa, ya bi shi da kallo har ya kai gindin wani baƙin dutse, inda ya tsaya yana juyi.

"'Yata, injinku ba ya inda ya faɗa," in ji shi. "Ya gangara ƙarƙashin dutsen can. Muna da kwana biyar kafin yashi ya rufe shi."

Yana ɗaura igiya sai ga Mushe Yahaya, kamar yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, bisa babur, wakilin furoje, wato shirin tallafin da ya ba su injin. Ya ɗaga hannu tun kafin ya sauka.

"Madam Kaltuma, kada kowa ya shiga! Injin nan yana da asiransi, wato inshora. Sai mai nutso mai takardar shaida. In wani ya taɓa shi, za a cire ƙungiyarku daga furoje."

"Mushe, wace takarda kuma?" in ji Baba Gambo. "Ai a ruwa jiƙewa za ta yi."

Matan suka yi dariya, ban da Kaltuma. Ta ga yadda dattijon ya kwance igiyarsa a hankali, ya naɗe ta, ya koma gindin giginya ya zauna kamar wanda aka kama da sata. Mutumin da ya tsamo gawar ƙaninta a wannan kogi, shi aka ce bai cancanta ba. Ta haɗiye maganar da ta zo mata, don ba ranta kaɗai take riƙe da shi ba.

Mai takardar bai iso ba sai ranar Juma'a. Sunansa Sanusi, ɗan Gaya ne da ya yi shekara shida a bakin Bahar Maliya yana shiga teku da masu yawon buɗe ido. Ya zo da baƙar riga mai manne jiki, da gilashin fuska, da kwalbar iska, da fitila. Mutum ne mai fara'a. Yayin da yake shiri, ya nuna wa matan hotuna a wayarsa: ruwa shuɗi garau wanda ake hangen mita talatin a cikinsa, murjani ja da ruwan hoda mai rassa kamar itatuwa, kifaye masu zanen rawaya, da kunkurun teku yana shawagi a kansu.

"Tabarakallah," in ji Bibata, maƙwabciyar Kaltuma a gona. "Wannan kifin ana cinsa, ko ado ne kawai?"

"Ba a taɓa shi, Inna. Kallo ake yi."

"To, mu nan ba kallo muka kira ka ba."

Kaltuma ta dubi hotunan, ta yarda cewa halittar Allah ce mai ban mamaki. Sannan ta waiwaya ta dubi gonarta, inda ƙasa ta fara tsagewa, bakin ganyen shinkafa ya fara naɗewa.

Sanusi ya shiga daidai inda gaɓar ta karye, domin nan Mushe Yahaya ya rubuta a rahotonsa. Bayan minti goma ya fito yana haki. Ya ce fitilar ba ta nuna masa komai sai laka mai yawo. Ko tafin hannunsa bai gani ba. Da ya sake shiga, ya tura hannu cikin wani rami, minjirya, kifin nan mai jan lantarki, ta ba shi abin da take bai wa baƙi, ya fito yana yarfe hannu har kafaɗa.

"Ramin nan nata ne tun bara," in ji Baba Gambo daga gindin giginya. "Ɗana, ka gangara wajen dutsen."

"Ba a ba da umurni daga waje," in ji Mushe Yahaya.

Sanusi ya cire gilashinsa, ya yi magana cikin ladabi. A ƙa'idar da ya koya, in ji shi, ba a nutso kusa da dutse a ruwa mai ja irin wannan sai ana gani. Za a jira ruwan ya washe.

Kaltuma ta haura shekara hamsin tana shan ruwan kogin nan, ba ta taɓa ganin ƙasansa ba, uwarta ma ba ta gani ba. Ashe an yi doka a kan kogi ba tare da an tambayi kogin ba, an auna shi da wani ruwa mai nisa inda kifi ke tsayawa a yi masa hoto.

Ranar Asabar matan suka yi ta ɗibar ruwa da bokiti tun safe. Ƙasa na shanyewa kafin su juyo. Bayan la'asar Kaltuma ta tarar da Sanusi zaune kusa da Baba Gambo, dattijon ya riƙe hannunsa yana nuna masa yadda ake bambanta ƙarfe da dutse da yatsu. Sanusi ya miƙe da ya gan ta.

"Inna, gaskiya ita ce, ni ba zan iya ba. Shi zai iya. Na faɗa wa Mushe, ya ce ba a rubuce yake ba."

Ta tara matan a bakin gona, ta faɗa musu abin da ke gabansu ba tare da ƙari ba: in Baba Gambo ya shiga, mai yiwuwa su rasa furoje, da iri da takin baɗi, in bai shiga ba, gobe yashi zai rufe injin, shinkafar bana ta tafi. Bibata ta kifa bokitinta ta zauna a kai, ta zuba wa Kaltuma ido.

Mushe Yahaya ya matso da littafinsa.

"Madam, ki yi tunani. Duk abin da kika ce, zan rubuta shi da sunanki."

"Rubuta da kyau, Mushe," in ji Kaltuma. "Gobe bayan sallar asuba Baba Gambo zai shiga ruwa. Ni na sa shi."