Babin Filin Jirgi

Littafin ƙanena Radhamés ya daɗe a kan talabijin ɗin Mama, an shimfiɗa masa farin ƙyalle kamar hoton waliyyi. Duk wanda ya shigo gidanmu a unguwar Tetuán ta Madrid sai an nuna masa, har mai gyaran famfo. Da Turanci ya rubuta shi can New York, ya ci kyaututtuka, jaridu suka yi ta zuzuta shi. Mama kuwa ko zo in kashe ki ba ta ji da Turanci. Hotonsa na bayan littafin kawai take shafawa.

Ni fassara ce sana'ata: takardar cikin kwalin magani, bayanin injin wanki, duk abin da ya samu. Da wani kamfanin ɗab'i a nan Madrid ya tashi mayar da littafin Sifaniyanci, Radhamés ya ce a ba ni aikin. Bai kira ni ba, editar kamfanin, Begoña, ce ta faɗa mini. Na ce to. Ban yi murna ba, ban ji haushi ba. Na daɗe a haka, abu ya faru in tsaya ina kallonsa.

Labarin gidanmu ne, sunaye kawai ya canza. Muna yara Mama ta bar mu wurin kaka a garinmu Vicente Noble, can ƙasarmu ta asali, ta taho Madrid aikatau. Daga baya babanmu ya zo ya kwashi Radhamés zuwa New York. Ni aka bari, sai da na zama budurwa Mama ta aiko aka kawo ni. Akwai yayar yaron a littafin, amma ba ta magana. Wanke-wanke take yi tun daga farko har ƙarshe.

Kullum da yamma Mama takan zauna a kicin da wuƙa da kwanon rogo ta ƙwala mini kira.

"Yuderka! Ina aka kwana? Zo ki karanto mini ɗana."

Sai in karanta mata abin da na juya zuwa Sifaniyanci ranar. Ta ji yadda kaka ta bi akuya da muciya, ta yi dariya har da hawaye. "Ja'irin yaro! Ashe duk yana laɓe yana kallonmu."

Akwai babi ɗaya da na san yana tafe, babin filin jirgi. A ciki ɗanta ya faɗi yadda ya ɗauke ta a ransa, kuma ba abin da ya tsare ta daga jinsa duk shekarun nan sai Turanci. Wata safiya na zauna na juya shi tas, ban buɗe ƙamus ba ko sau ɗaya. Na gama na tashi na ci burodi. Begoña ta kira tana jan hanci, wai babin ya sa ta kuka a ofis. Na ce madalla.

Da yamma na tsallake shi na karanta na gaba. Mama ta saurara kaɗan, sannan ta ɗago.

"Tsaya, tsaya. Jiya uwar tana gida tana yi wa yaro wanka, yau kuma tana waya daga Madrid. Tsuntsuwa ce? Ta ina ta bi?"

"Ban gama gyara wannan wurin ba, Mama."

"Ke, ni za ki yi wa wayo? Na riga ki zuwa duniya. In ya fito ma saya zan yi in karanta abina a bas, gara in ji a kicin ɗina. Ɗauko."

Na ɗauko. Na karanta da muryar da nake karanta bayanin injin wanki. Yaro a jikin gilashin filin jirgi a Santo Domingo, babban birnin ƙasarmu, uwarsa sanye da riga ruwan ɗorawa, tana tafiya tana gyara jaka a kafaɗa.

"Na jira ta waiwayo, ba ta waiwayo ba. A ranar na binne ta. Matar da take bugo waya ran Lahadi, wadda ake cewa in gaishe ta, baƙuwa ce da ta ari muryar uwata. Ban taɓa yafe wa ko ɗayansu ba."

Wuƙar Mama ba ta tsaya ba. Ta gama fere rogon da ke hannunta, ta tsaga shi, ta zare jijiyar tsakiya, ta jefa a ruwa.

"Barci yake," ta ce.

"Wa?"

"Radhamés. Tun a mota ya yi barci, a kafaɗar kakarku aka shiga da shi. Bai ga tafiyata ba. Mutum ɗaya ne ya tsaya a jikin gilashin nan, kin kuma san ko wane ne."

"Wataƙila an ba shi labari."

"An ba shi kam."

"Mama, shi ya rubuta. Ni juyawa kawai na yi, aikina ke nan."

"Ya rubuta da Turancinsa, ya ji da shi. Yaron da in ya kira ni, gaisuwa ma sai ya yi tuntuɓe kafin ya kai ƙarshenta, shi zai yi mini wannan magana? Wannan bakin garinmu ne. Haka kakarku take yanka magana, kuma ba shi ya tashi a hannunta ba." Ta ajiye wuƙar, ta goge hannu a zaninta. "Tun da kika zo gidan nan kike ce mini ba komai, Mama, ya wuce, Mama. Na ɗauka da gaske kike."

Na tsaya ina jiran in ji wani abu a raina. Ruwa yana ta tafasa a kan wuta, ba wanda ya tashi ya zuba rogon.

"Sake karantawa," ta ce. "A hankali. Wannan karon ki dube ni."

Na ɗaga takardar, sai na ga tana rawa. Na juya in rufe taga don iska. Tagar a rufe take.