Akwatin Ƙorafi a Shagon Aski

Shekara goma sha tara ina aski a layinmu, ban taɓa kai kowa ƙara ba, ba a taɓa kai ni ba. Sirrin da kunnena ya kwasa a shagon nan, da zan buɗe baki, da aure goma ya mutu kafin rana ta faɗi. Mutum in ya zauna a kujera aka ɗaura masa ƙyalle a wuya, sai bakinsa ya kwance. Ni kuwa ina ji ina sharewa tare da gashi. Riƙon sirrin nan shi ne jarina, ba injin aski ba, kuma shi 'yan sanda suka zo suka lalata mini da ƙusa huɗu.

Wata Talata suka zo, ina cikin gyara wa wani direba saje. Sabon Sufeto ne aka kawo ofishin unguwarmu, mutum mai fara'a, haƙoransa kullum a waje. Yana tare da kurtu biyu da mai ɗaukar hoto. Ɗaya kurtun na rungume da wani koren akwatin ƙarfe mai tsaga a sama da ƙaramin kwaɗo a gefe. An rubuta a jikinsa: FAƊI DAMUWARKA, MUNA SAURARE.

"Mai aski, mun zaɓe ka," in ji Sufeto. "Shirin kusantar jama'a muke yi. Duk mai ƙorafi ya rubuta ya jefa, ba sai ya sa suna ba. Duk Litinin za mu zo mu kwashe."

Na ce, "Yallaɓai, ba za a kai shi kemis ba? Ko bakin makaranta?"

"Ai nan ne kowa ke zuwa. Kai amintacce ne."

Ka ji yadda aka sha ni. Yabo ya shiga kaina, na kasa cewa a'a. Suka buga ƙusa huɗu a bango tsakanin madubi da ƙofa, Sufeto ya dafa kafaɗata, aka ɗauki hoto. Kafin la'asar hoton ya zaga wayoyin unguwa: ni da almakashi a hannu ina washe baki kamar an ba ni kyautar mota.

Da farko abin dariya ya zama. Mai Faci, wanda rumfarsa ke kallon shagona, ya tsallako ya ce in rubuta cewa askina ya fara karkata. Ni da shi abokai ne tun kafin mu yi aure. Ni na aske masa kai ranar da zai ɗauko matarsa, shi ya riƙe ni ranar da aka binne mahaifina. Mutane suka riƙa jefa takardu, wasu a fili, wasu su faki idona. Ni ma na jefa tawa, a kan ramin kwata da ke gaban kemis wanda aka sace murfinsa. Ban taɓa ganin an zo kwasa ba, amma ranar Litinin nake zuwa kasuwa sayen reza da man gashi, sai na ɗauka a bayana ake zuwa.

Sati biyar da kafa akwatin aka kama Auta, ƙanen Mai Faci. Magidanci ne mai 'ya ɗaya, kuma duk layin an san ƙwaya ta kama shi, har ya fara sayarwa don ya sami ta sha. Da hantsi mota ta tsaya, aka fito da shi daga bayan tashar babura, aka samu ƙulli a aljihunsa. Tsohuwarsu ta biyo motar ba takalmi tana kuka.

Ban san wanda ya fara yaɗa cewa ni na tona Auta ba. Na dai san washegari mutum uku kacal na aske. Jibi, biyu. Masu zaman hira a bencina suka koma gindin bishiya, in na wuce magana ta tsaya cak. Wani ya rubuta INFOMA da gawayi a ƙofar shagona. Na wanke, aka sake rubutawa da fenti. Matata ta je famfo, matan suka janye bokitansu suka ba ta wuri, ba wadda ta amsa sallamarta. Ta dawo ta dire bokiti a tsakar gida har ruwan ya fantsama.

"Baban yara, faɗa mini gaskiya tsakaninka da Allah. Kai ne?"

Wannan tambayar ta fi fentin ciwo. Shekara goma sha shida muna tare.

Na tsallaka wajen Mai Faci. Yana durƙushe yana tura tayar babur cikin bahon ruwa yana neman inda take yoyo. Na ce, "Kai ma ka yarda da wannan maganar?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Ni ban ce komai ba." Na ce ai shi ya sa na zo, ya ce wani abu mana, kalma ɗaya daga bakinsa ta ishi unguwar nan. Ya ci gaba da juya taya. Na tsaya har na gaji da tsayuwa, na juya. Daga ranar ya daina zuwa aski, ya koma sa hula har kunne.

Sau uku ina zuwa ofishin 'yan sanda. Na farko, wadda ke kan kanta ta ce Sufeto ya tafi taro. Na biyu, wani Saje ya saurare ni yana danna waya, ya ce akwatin kayan hukuma ne, in na taɓa shi laifi ne. Na ce to a zo a cire. Ya ce sai an rubuto. Na ce a rubuto wa wa? Ya ce in rubuta in jefa a akwatin. Wallahi haka ya ce mini, ko dariya bai yi ba. Na uku na samu Sufeto da kansa, na roƙe shi ya fito ya gaya wa jama'a ba ni na ba da Auta ba.

"Ai ba ma bayyana majiyarmu," ya ce yana murmushi.

"Yallaɓai, ba majiyar nake so ka bayyana ba. Cewa za ka yi ba ni ba ne."

"In na ce ba kai ba ne, gobe wani ya zo, jibi wani, har a gano. Ka yi haƙuri, zai wuce."

Zai wuce. Shi albashinsa ba ya jiran wani ya zauna a kujera. Wata huɗu aka yi a haka. Ana cikin wannan, tsohon tela na ƙarshen layi, wanda idonsa ya yi rauni, ya faɗa ramin kwatar nan ta gaban kemis ya karya ƙugu. Ko dubiya ban iya shiga ba, ɗansa ya tare ni a ƙofa ya ce Baba na barci.

Sai ga sanarwa: za a yi taron 'yan sanda da jama'a ranar Asabar a filin makaranta. Aka kafa rumfa, aka jera fararen kujerun roba, aka kawo lasifika mai ƙara. Ban yi niyyar zuwa ba. Matata ce ta ce in je, kada a ce ɓuya nake yi. Na zauna can baya, kujera biyu na dama da biyu na hagu babu kowa.

Sufeto ya yi magana a kan kulle ƙofa, da kula da baƙin fuska, da kada yara su tsallaka titi da gudu. Sannan ya buɗe wata takarda ya ce shirin akwatin ƙorafi ya yi nasara ƙwarai, an karanta kowane ƙorafi, an kuma ɗauki mataki. Aka tafa sama-sama. Sai ya ɗaga wata takardar yabo mai firam.

"Muna kiran mai askinmu, wanda haɗin kansa ya taimaka mana matuƙa wajen tsaftace wannan unguwa."

Duk filin ya juyo. Tsohuwar su Auta na layin gaba, ta tofar da yawu a ƙasa. Mutumin nan da na je na roƙa, na bayyana masa komai, shi ne ya zo ya buga mini hatimi a goshi a gaban kowa, kuma na rantse har ransa gani yake alheri ya yi mini. Na miƙe. Ban nufi rumfa ba, na nufi layinmu.

Ƙarfen cire taya na jingine a rumfar Mai Faci. Na ɗauka, na shiga shago, na ɓamɓare akwatin daga bango har da filasta. Na rungumo shi na dawo, na dire a kan teburin manyan baƙi, kwalaben ruwa suka zube.

"Yallaɓai, ga akwatinka. Buɗe."

Murmushin ya tafi. Ya waiwaya ya ce Saje ya kawo makulli. Saje ya ce ai yana wurin Kofur. Wani kurtu ya ce Kofur ɗin an yi masa canjin wurin aiki tun watan da aka kafa akwatin. Lasifika na kunne, kowa ya ji. Na ɗaga kwaɗon sama don mutane su gani: ya yi tsatsa, zanzaro har ya gina ɗakinsa a kan ramin makullin. Saje ya ce in na fasa kayan hukuma zan kwana a sel. Na ce a shirya mini tabarma. Na zura ƙarfen na danna, kwaɗon ya ɓalle.

Takardu suka zubo, sun cika akwatin taf har sun danne juna. Na ɗauki ɗaya na karanta da ƙarfi: fitilar kwanar makaranta ta mutu. Wata: masu babur na gudu a bakin famfo. Wata: karnuka a bola sun ciji mutum biyu. Na tono tawa na ɗaga.

"Wannan tawa ce. Ita kaɗai na taɓa jefawa. Ramin gaban kemis, na ce a rufe kafin wani ya faɗa. Ina ɗan tela? Zo ka karanta kwanan watan da kanka. Wata biyu kafin babanka ya karye!"

Fili ya rikice. Kowa na neman tasa takardar, mata na ɗaga murya, ɗan tela na nuna Sufeto da yatsa. Sufeto na ta cewa a kwantar da hankali, za a bincika. Ni kuwa ina tattara na ƙasa, hannuna ya faɗa kan wani guntun kwali, irin wanda ake sako sabon tiyub a ciki, da baƙin shatin babban yatsa a gefe. Tun kafin in karanta na san rumfar da ya fito.

An rubuta: Ƙanena Auta ƙwaya za ta kashe shi, har ya fara sayarwa. Na yi faɗa na gaji. Don Allah ku kira shi ku tsorata shi. Kada ku rufe shi, yana da 'ya, kuma tsohuwarmu ba za ta ɗauka ba.

Na ɗago. Mai Faci na tsaye a bakin rumfa da hularsa har kunne, idonsa a kan kwalin da ke hannuna. Ashe mai kaza a aljihu ne, shi ya sa bai jimiri as ba. Wata huɗu yana zaton takardarsa ce ta kai ƙanensa kurkuku, yana tsoron tsohuwarsu ta sani, sai ya bar ni na ɗauki kayan. Yana kallo aka shafa mini fenti a ƙofa. Yana kallo matata ta daina zuwa famfo sai rana ta take ba kowa. Lasifika na nan kusa da hannuna, tsohuwar na zaune taku biyar daga inda nake. Wallahi raina ya so in karanta kowa ya ji. Na ninke kwalin na sa a aljihu.

Ba su rufe ni ba, kunya ta hana. An ce daga baya ashe wani kurtu ne ya ga Auta yana miƙa ƙulli a tasha, shi ke nan, babu wata majiya. Kwana uku da taron aka zo aka ɗora wa ramin kemis murfi, aka ɗauki hoto. Masu hira suka dawo bencina ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa shi dama bai taɓa yarda ba. Na aske su, ban tanka ba, amma na san adadinsu.

Mai Faci sai ranar Laraba ya tsallako, da rana tsaka, lokacin da shago ba kowa. Ya tsaya a ƙofa yana kallon ramuka huɗun da ke bango. Ya cire hula. Gashin wata huɗu ya cukurkuɗe, furfura ta fito masa ta ko'ina.

Na zaro kwalin daga aljihu na ajiye a gaban madubi.

"Ga takardarka. Ba wanda ya karanta sai ni. Ba kai ka sa aka kama Auta ba."

Ya ɗauka. Ya zauna a kujera ba tare da na ce ya zauna ba, ya rufe fuska da kwalin ya fashe da kuka, ƙato da shi. Yana cewa in yafe masa, ya rasa yadda zai yi ne, in Inna ta ji za ta tsine masa.

Na ce, "Taka uwar ka ji wa tsoro. Ni matata ta tambaye ni ko ni ne."

Na ɗauko ƙyalle na kaɗe, na ɗaura masa a wuya, na ja ɗaurin fiye da yadda na saba. Na kunna inji.

"Asirinka a rufe yake, wannan sana'ata ce," na ce. "Yafiya kuwa ba yau ba. Sunkuyar da kai."