Goshin Goggo Mai Kitso

Ku yi mini afuwa. Ni karatu na saba, ba rubutu ba. In kun ga kuskure ku tsallake. In kuma kun san Goggona, don Allah kada ku karanta mata.

Goggo ta gyara takunkumin fuskarta, ta ja gyale har kan gira, sannan ta tura ƙofar kantin magani. Ba mura take yi ba. Gashin gaban goshinta ne ya yi ƙaura, ya bar fili fetal yana sheƙi, ga shi ita ce mai kitson da matan unguwa ke layi a shagonta. Kitson Goggo ba ya kwancewa sai an gaji da shi. In ta kama kan mace, gira sai ta haura sama, dariya ma ta gagara. Ranar da aka ga mai kitso da sanƙo kuwa, ranar za ta rufe shago.

Ta gwada haɗin maƙwabciya, kai ya yi jawur kamar an barbaɗa barkono. Ta gwada na talla a waya, ta wuni tana susa da cokali mai yatsu.

"Mai sinadarin tagulla nake so," ta ce wa mai kantin, murya ƙasa-ƙasa. "An ce ba ya zafi. Na ƙanwata ne."

"Fatar kanta ba ta son wahala ke nan?"

"Ko iska ta taɓa ta sai ta yi fushi."

"To Hajiya, ɗaga gyalen in ga kan ƙanwar."

Goggo ta harare ta, ta waiga hagu da dama, ta ɗaga. Mai kantin ta gyara tabarau ta leƙa, ta yi salati. Ta ɗauko wata 'yar kwalba mai shuɗin ruwa, ta ce ba turare a ciki, ba abin da ke raɗaɗi, amma a fara ɗiga kaɗan a bayan kunne a ga yadda fata za ta karɓa.

"Sai dai fa ko tagullar duniya za ki shafa, in ba a daina jan gashin nan ba, a banza. Wace marar imani ce ke miki kitso?"

Yaran shagonta ne. Ita ta koya musu, tana ƙwala musu mataji a yatsa duk lokacin da suka sassauta.

"Wata ce can," in ji Goggo.

Ƙofa ta buɗe. Goggo ta ji muryar kafin ta ga mai ita: matar direba ce, wadda ta yi wa kitso shekaranjiya, tare da ƙawarta malamar makaranta. Goggo ta saki gyale, ta juya tana nazarin man goge haƙori kamar za ta yi jarrabawa a kai.

"'Yar'uwa, taimake mu," matar direba ta zare ɗankwali ba kunya ba tsoro. "Dubi nan. Maigida ya ce da goshina yake duba gemunsa."

"Nawa ya fi," in ji malama. "Ɗalibai sun fara ce mini Hedimasta."

Mai kantin ta duba wannan, ta duba waccan, ta kalli bayan Goggo.

"Ikon Allah! Ku uku, fili iri ɗaya. Wuri ɗaya kuke zuwa?"

"Wajen Anti mana, ta bayan tasha," in ji matar direba. " Hannunta kamar na mai ɗaurin kaya. Ita kuwa kullum kanta a naɗe, ba mu taɓa ganin nata ba."

"Ku canza mai kitso tun kuna da abin kitsawa," in ji mai kantin. "Wacece ita? In gargaɗi masu zuwa nan."

"Tsaya, ina da hotonta a waya," in ji matar direba, ta waigo wajen Goggo. " Baiwar Allah, matso ki gani, ko ita ce taki?"

Kawuna uku suka haɗu a kan waya. Kwalbar na nan kan teburin mai kantin, taku biyu daga hannun Goggo, amma sai ta ratsa tsakaninsu kafin ta kai gare ta. Ta bar ta.

A bakin ƙofa ta ɗan waiga. Ta baya, kitson matar direba layi-layi yake, tsaf, ko gashi ɗaya bai tashi ba. Goggo ta gyaɗa kai, ta riƙe ƙofar don kada ta yi ƙara, ta sulale.