Zuhal Ba Ya Jiran Jawabi

Ƙungiyar masu kallon taurari ta unguwar tana haɗuwa a rufin benen Shugaba, da zarar rana ta faɗi. Shugaban tsohon akawu ne, a bayan idonsa ana kiransa A-Taƙaice, don da wannan kalmar yake buɗe kowane dogon jawabi. Madubin hangen nesa kuwa na Mai Kemis ne, wani mutum mai sanyin hali da ke hayar shago a ƙasan benen.

Ƙungiyar tana da tsari. Mai Kemis zai kafa madubin, ya saita shi a kan tauraron da za a gani, ya ja da baya. Sai Shugaba ya yi jawabi. Bayan nan a leƙa bisa girman muƙami: Shugaba, Mataimaki, Wanzami mai kula da ladabtarwa, har zuwa kan sabon shiga.

Matsalar ita ce sama ba ta tsayawa. Kafin a sha kofin ruwa tauraron ya zame daga bakin madubin, sai baƙin sarari. Mai Kemis ya san haka, ya ma taɓa buɗe baki zai faɗa, Shugaba ya ɗaga masa hannu ya ce ba a katse na gaba. Tun ranar ya kama bakinsa, don wanda yake cikin inuwar bishiya ba ya jifan rassanta. Saboda haka kullum Shugaba yakan gama jawabi, ya sa ido, ya ga duhu, ya ɗago ya ce, “Tubarkalla!” Wa zai zo bayansa ya ce bai ga komai ba?

Sabon shiga shi ne Baba Tela, wanda ya tsufa a kan keken ɗinki. Kwanan nan zare ya fara yi masa gardama a ƙofar allura. Duk zaman da ya zo, yakan ji kowa yana ba da labarin abin al’ajabi, shi kuwa in ya leƙa, duhu kawai. Ya riƙe abin a ransa yana cinsa.

Rannan da yamma ya ce wa matarsa, “Yau za a nuna Zuhal, tauraron nan mai zobe. In ban gan shi ba, idona ya gama aiki. Gobe in miƙa wa ɗan ƙanena makullin shago.”

“Haba Malam! Jiya fa kai ka hango tabon mai a gefen zanena.”

“Tabo daban, tauraro daban. Mutum goma su gani, ni kaɗai in rasa?”

Ya hau benen a hankali, makullin yana aljihunsa. Mai Kemis ya saita madubi ya koma gefe. Shugaba ya gyara murya.

“A taƙaice,” in ji shi, sannan ya ɗauko tarihin ƙungiya daga tushe. Ya gode wa wanda ya kawo kujeru, ya ja kunnen masu makara, ya yi bayani a kan ladabin hawan matakala. Da ya gama ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe.

“Tubarkalla! Ga shi nan kamar faranti.”

Mataimaki ya leƙa ya ce ai ya fi faranti, kuma kore ne shar. Wanzami ya ce shi zobe uku ya ƙirga, har na tsakiyar yana juyawa.

“Kai dai ba ka raina abin ƙari,” in ji Mataimaki.

“Ranka ya daɗe, idon wanzami ne. Gashi ɗaya ba ya ɓace mini.”

Layi ya zo kan Baba Tela. Ya goge idonsa da gefen riga, ya leƙa da na dama, ya sake da na hagu. Sai ya miƙe, ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

“Jama’a, ku yafe ni, yau ne zuwana na ƙarshe. Tun da na shigo ƙungiyar nan ban taɓa ganin komai a bututun nan ba sai duhu. Kunya ta hana ni faɗa. Allah ya bar muku idanunku. Ni nawa sun tafi, gobe zan bar ɗinki.”

Mataimaki ya shiga gyaran agogonsa. Wanzami ya sami abin kallo a takalminsa. Shugaba ya yi tari ya ce, “To, haka girma yake, sai haƙuri. Ƙungiya za ta tura wakilai su duba ka.”

Mai Kemis ya dubi Shugaba, ya dubi tsohon da ya riga ya juya yana laluben matakala. Ya tuna shagonsa na ƙasa. Sannan ya taka zuwa madubin ba tare da izini ba, ya leƙa, ya ɗan tura bakin madubin yamma.

“Baba, dawo. Sake dubawa, amma yi sauri.”

Baba Tela ya dawo ya sunkuya don kada ya ƙi. Sai aka ji ya ja numfashi.

“Kai! Ga wani ɗan abu nan! Ƙarami ne, kamar maɓallin wuyan riga, launin ruwan ƙwai, an zagaye shi da zare ɗaya siriri. Wannan aiki da tsabta yake!” Ya ƙara matsawa kusa. “Af, yana tafiya. Ga shi can zai fita ta gefe.”

“Haka yake yi kullum,” in ji Mai Kemis, murya ƙasa ƙasa. “Ba ya kai ƙarshen gaisuwar Shugaba.”

Wanzami ne ya fara ture Mataimaki. Nan take layin girma ya watse, manyan mutane suna “Ɗan’uwa, saita mini!” kamar yara a bakin famfo. Mai Kemis yana saitawa suna leƙawa, babu wanda ya ƙara maganar faranti ko zobe uku.

Shugaba ne ya zo ƙarshe, hannu a baya. Ya leƙa, kuma wannan karon ya daɗe da gaske. Da ya ɗago sai ya ce, “Ya ɗan rame a kan na ɗazu.” Sannan ya sanar da kafa kwamiti, ƙarƙashin Mataimaki, da zai binciko dalilin da Zuhal yake barin taro kafin a tashi.

Baba Tela bai tsaya jin sunayen ’yan kwamitin ba. Ya ɗan yi magana da Mai Kemis a gefe, ya sauka yana taka matakala da ƙarfi. A ƙofar gida matarsa ta tare shi.

“Yaya, Malam? In aika a kira yaron?”

“A kira shi ya yi me? Ki tashe ni da wuri, akwai rigar mutane da ban sa wa hannu ba.” Ya rataye makullin a ƙusarsa. “Allurar nan kuwa, Mai Kemis ya ce tabarau kawai take so.”